Rasuwar Biskit Mai Cakulan a Fayif ɗin Ban-Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Maharazu mai tumatir na Kura ke sanar da rasuwar amininsa, Biskit Mai Cakulan, jiya Talata da hantsi.

Marigayin ɗan asali ne. Kakanninsa sun fito daga ƙasar waje fiye da shekara ɗari da suka wuce. An kwaɓa shi da fulawa da sukari da garin koko, aka buga masa zane, aka gasa shi fai-fai biyu baƙaƙe, aka shimfiɗa farin kirim a tsakani aka haɗe. Bai taɓa ɗaga murya ba, iyakarsa ƙurus-ƙurus, ko ya yi laƙwas a shayi. Bai kuma taɓa tona asirin Malam ba.

Asirin kuwa shi ne Malam na da ciwon suga. Tun faɗuwar da ya yi a gona bara, uwargida Iyatu ta rantse in ta sake kama shi da zaƙi, 'yarsu Fa'iza ma'aikaciyar jinya za ta ɗora shi kan allura kullum. Malam na kama kunama da hannu, amma in ya ga allura sai ya ranta a na kare. Shi ya sa yake naɗe marigayin a hankici, ya zura shi cikin fayif ɗin ban-ruwa, wanda kamar don shi aka auna.

Ajali ya zo ranar da aka sako ruwa. Garin sauri kada layinsa ya wuce, Malam ya tsoma fayif a kanal, ya manta amininsa na ciki. Yana ji yana gani marigayin ya sulale a naɗe cikin hankici, ruwa ya yi gaba da shi. Hankicin kuwa Iyatu ce ta ɗinka sunan Malam a jiki da jan zare.

Ya rasu ya bar Malam cikin zullumi, da kofin shayi maraya, da tururuwan bakin gona.

Da an so a yi jana'iza a ɓoye. Sai dai Baballe, mai gonar da ke ƙasa da ta Malam, ya tsinci gawar, ya karanta sunan, kuma da yake mutum ne mai amana, ya kai ta gida hannun Iyatu. Ta wanke hankicin ta shanya a ƙofar ɗaki, ta ɗauki waya.

Za a yi jana'iza yau bayan la'asar, da zarar motar Fa'iza ta iso daga Kano. Ana roƙon jama'a su zo da yawa, su zauna kusa da Malam.