Ranar Da Na Kwance Wa Kwamfuta Bargo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da safiyar da na yi wa kaina tonon silili a makarantar da nake koyarwa a Bakura. Lokacin ban daɗe da dawowa daga kwas ɗin kwamfuta na wata uku ba, ina jin kaina kamar ni na ƙera ta (satifiket ɗin ma a jaka nake yawo da shi, Allah ya shirye ni).

Kwamfuta ɗaya ce tal a ofishinmu, tsohuwa tukuf, kuma Madam Rifkatu ke riƙe da ita, mai buga mana takardu, wadda ke zuwa daga Talata Mafara kullum. Abin da take yi ne ya tsone mini ido. Da safe sai ta lulluɓe akwatin da bargo, ta buɗe duk wata manhaja da ke ciki, har da bidiyon bikin ƙanwarta, ta bar shi yana ta juyawa. Sai na'urar ta ɗau zafi tana gurnani sannan ta fara aiki.

Na same ta gaban malamai na yi mata lacca. Na ce zafi ne babban maƙiyin kwamfuta, wannan jahilci ne, kashe mana kaya za ta yi. Ba ta yi musu ba, ta ce, "Malam, wagga ba ta son hutu. In ka bar ta ta huce, sumewa takai."

Na yi dariya har da buga tebur. Ban tsaya nan ba, na kai ƙararta wurin shugaban makaranta, na ce a karɓe makullin ofis a ba wanda ya yi karatun abin. Aka ba ni. Ita kuma aka ce ta koma sito tana jera littattafai, kafin a ga inda za a yi da ita.

Ranar jarrabawar ƙarshen shekara, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Tambayoyin lissafi na cikin kwamfutar, ƙarfe tara za a raba. Na yaye bargon, na rufe komai, na kawo fanka na saita mata. Na buɗe takardar ke nan, sai allon ya daskare. Na kashe na kunna, ta yi ƙara sau uku ta yi shiru. Na ƙara wa fankar ƙarfi (ku ji wauta). Tara ta wuce, ɗalibai na zaune, shugaba na tsaye a kaina, ni da na zo korar zafi ga ni ina zufa sharkaf.

Shugaba ne ya aika a kira Madam. Ta gaishe shi a nutse, ta tambaye ni ya iyali, ya sanyi, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta kashe fankata, ta mayar da bargo, ta yi ta kunnawa har ta kama, nan take ta sako bidiyon biki. Muna tsaye ana guɗa a allo, firinta ta fara fitar da lissafi.

Daga baya wani mai gyara a Mafara ya nuna mini abin. Dalmar da ta riƙe wani sashe a ciki ce ta tsage. In da sanyi sai tsagar ta buɗe, wuta ta yanke. In aiki ya yi yawa ƙarfe ya ɗau zafi, sai ya ɗan kumbura, tsagar ta haɗe. Ya ce a lafiyayyar na'ura maganata daidai ce, amma wannan kam, Madam ta fi ni saninta.

Na mayar mata da makulli da hannu biyu, na ba ta haƙuri gaban malaman da na yi mata lacca a gabansu. Yanzu in na ga mutum na yin abin da ban gane ba, tambaya nake fara yi. Sunan da suka laƙa mini dai ya zauna, har masu kabu-kabun tasha Injiniya Bargo suke kirana.