Katangar Tudun Ƙirya

Wani mutum ne a unguwarmu, duk wanda ya zauna kusa da shi minti goma sai ya ji labarin ƙwallo. Ko gaisuwar mutuwa aka je, sai ya san yadda ya karkato da hira ta koma kan gola. Ba sai kun wahala da tambaya ba. Ni ne mutumin. Malam Cindo, tsohon hedimasta, wanda ake wa laƙabi da Katanga. Laƙabin ma ni na raɗa wa kaina.

A zamaninmu, in aka ce Zakunan Kwalejin Horon Malamai ta Tudun Ƙirya, to an gama magana. Shekara huɗu a jere muna ɗauke kofin kwalejoji. Wata ƙungiyar in ta ji da mu aka haɗa ta, sai ka ji wai motarsu ta lalace a hanya. Wannan duk gaskiya ne. Kuma gaskiya ne a shekara huɗun nan ƙwallo ɗaya tak aka taɓa zura mana.

To ni abin da nake faɗa a majalisa shi ne, "Shekara huɗu ina gola, ƙwallo ɗaya ce ta taɓa wuce ni!" In aka bi kalma-kalma, ban yi ƙarya ba. Abin da ba na faɗa shi ne, golan gaske wani dogo ne, Audi, Allah ya ji ƙansa. Ni gola na uku ne. Na zauna a benci har katakon ya ɗauki zanen wandona. Rana ɗaya cikin Audi ya murɗa, na biyun kuma yana kwance da zazzaɓi, aka tura ni minti biyar na ƙarshe. A minti biyar ɗin aka ci ƙwallon.

Shekara arba'in ina shan ƙamshi a kan wannan labari. Waɗanda suka san gaskiya, wasu sun rasu, wasu sun yi nisa. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da ni ba, abokina Jatau Tela. Duk sanda na miƙe ina nuna yadda nake cafe ƙwallo a sama, sai ya ciji zare ya ce, "Uhm. Allah ya nuna mana."

Ana nan, kwalejin ta yi ta lalacewa a fagen wasa. Zakuna suka koma abin tausayi. Yanzu sunansu a gari Gidan Sadaka, don duk wanda ya je sai ya samu rabonsa. Bakwai da nema, tara da nema. Shekara biyu cur ba su ga ƙwallonsu a ragar kowa ba. Rabin filin ma'aikata sun shuka masara, ɗaya rabin awaki ke kiwo. Kofunanmu na da, an ce ɗaya a ciki masinja ke jiƙa tsamiya.

Sai ga takarda daga shugabar kwalejin, Dakta Kuluwa. Wai hukumar makaranta ta ce in yaran ba su taɓuka komai bana ba, za a rushe ƙungiyar a jera shaguna a filin. Tana roƙon Katanga ya zo ya yi musu magana, ko zuciyarsu ta motsa.

Na karanta takardar a majalisa sau uku, da ƙarfi.

Jatau ya ce, "Zan raka ka."

Nan take na yi dabara. Na ce a raina, magana aka kira ni in yi, ba wasa ba. Na fito da babbar rigata mai aska takwas, wadda ta sha sitaci har tana tsayawa da kanta. Wa zai ce wa dattijo mai irin wannan riga ya faɗi ƙasa?

Muka isa da hantsi. Ɗalibai sun cika gefen fili, malamai a kan kujeru, 'yan wasa sun jeru kamar kajin da ruwa ya daka. Aka ba ni abin magana. Ai kuwa na buɗe wuta.

"Ku ne Zakuna? Ko kyanwar gidana ta fi ku ruri! A zamaninmu, ni kaɗai in na tsaya a raga, ɗan gaba sai ya nemi alƙalin wasa ya canza shi. Akwai ranar da na cafe ƙwallo da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina ɓare lemo!"

Tafi raf-raf-raf! Kaina ya ƙara girma.

"Fanareti goma sha bakwai aka buga mini, ko ɗaya ba ta shiga ba. Wallahi ko yau, da ba don wannan rigar ba, da na nuna muku!"

Baki shi ke yanka wuya. Ban rufe shi ba sai na ji muryar Jatau daga baya.

"Ai ba matsala, Malam Cindo. Na zo maka da riga."

Ya zaro wata jesi ruwan ɗorawa daga leda, ya ɗaga ta sama. A bayanta ya ɗinka KATANGA da manyan baƙaƙe. Ashe kwana uku mugun nan yana kanta.

Fili ya ɗauka. "Katanga! Katanga! Katanga!"

Dakta Kuluwa ta ce, "Baba, ga fili ga mai doki. Ko guda ɗaya ce, yaran nan su gani da idonsu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, gwiwa ce ke ɗan..."

Jatau ya ce, "Gwiwar da ka yi rawa da ita a bikin jikarka makon jiya?"

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ni kuwa nawa ma a fili ya fito, don jesin iyakarta saman tumbi. Amma ban sare ba, na sake ƙulla wata dabarar. Na ja kocinsu, Malam Bawa, gefe na raɗa masa, "Cikin yaran nan wa ya fi kowa rashin saiti? Shi nake so in fara gyarawa."

Ya nuna wani siriri mai dogon wuya. "Sallau ke nan, ɗan gabanmu. Harbi-Sama ake ce masa. Ran nan ya buga fanareti, sai a ɗakin girki aka tsinto ƙwallon."

Na ce alhamdulillahi. Aikina kawai in tsaya in buɗe hannu, shi kuma ya aika ta inda ya saba.

Aka kore awaki. Na shiga tsakanin turaku. Jama'a, yaushe aka faɗaɗa raga haka? Na duba dama, nisa. Na duba hagu, nisa. Na tofa yawu a tafi, na ɗan yi tsalle don a ga ƙwarewa, wani abu ya ce ƙas a ƙuguna.

Malam Bawa ya busa usur. Fiiit!

Sallau ya taho da gudu kamar an biyo shi. Na ga ƙafar nan ta ɗaga, sai na tuna haƙoran roba ne a bakina. Na runtse ido, na rufe fuska da hannu biyu, na yi sufa gefe guda. Tim! Ƙasa ta karɓe ni.

Shiru.

Na buɗe ido ɗaya. Ashe yaron ƙasa ya tokara, ƙwallon da ƙyar ta motsa. Ga ta nan tana gangarowa a hankali, lalai-lalai, kamar tsohuwa za ta unguwa. Ta bi ta daidai inda na tashi. Ina kwance ina kallonta, ta wuce, ta je ta jingina da raga.

Wayyo! Ka ce kofin duniya aka ci. Ɗalibai suka ɓarke cikin fili, aka ɗaga Sallau sama, yana kuka da hawaye shaɓe-shaɓe. Malam Bawa ya rungume mai gadi.

Na miƙe ina kakkaɓe ƙura na ce, "Da gangan na bar masa, don ya samu ƙarfin gwiwa."

Jatau ya ce, "Madalla. To yanzu sai ka tare ta gaske."

Kafin in ce uffan, yara sun ja layi. Na biyu ya buga dama, na yi hagu. Na uku ya buga hagu, na yi dama. Na huɗu na ce ba inda za ni, na tsaya ƙiƙam, ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Ta na shida ce ma na taɓa, ita ma ba da hannu ba: ta daki tumbina, ɗum, ta daki turke, ta shige. Golansu ya zo ya ci. Malam Bawa ya ce shi ma rabonsa da ci tun yana saurayi, ya ci. Har Dakta Kuluwa na ga tana gyara mayafi tana kallon ƙwallon, Allah ya taimake ni wata malama ta riƙe ta.

Goma sha uku. Ba ɗaya da na tare.

Na lallaɓa gindin maina na zube, ina haki kamar tsohuwar mota a kan tudu. Jatau yana yi mini fifita da hulata, dariya ta hana shi magana. Can ya ce, "Cindo, katangar nan ta zana ce, ko?"

Ina neman inda zan sa fuskata sai ga Sallau da sauran 'yan wasan sun nufo ni. Suka durƙusa gabana cikin ladabi. Na ce to, ko ba komai yaran nan sun san girman manya. Na gyara zama, na yi gyaran murya, ina shirin sa musu albarka.

Sallau ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Yau ka fitar da mu kunya. Wata alfarma ce muka zo nema."

Na ce, "Faɗi, ɗana. Horo kuke so in riƙa ba ku?"

Ya ce, "A'a, Baba. Ranar Asabar muna da wasa da Kwalejin Noma. Shi ne muka ce don Allah, ko za ka taimaka ka tsaya musu a gola?"