Jakin da Ya Kira Ni a Tsakiyar Darasi

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa a bakin kogi, domin a ranin da ya biyo ne na shiga ajin yaƙi da jahilci a Sabon Gari, ina da shekara arba'in da takwas. Malaminmu, Malam Nura, ɗalibin jami'a ne, kuma shi ya kawo mana wata manhaja mai naɗar duk abin da ke faruwa a fuskar waya har da muryar mutum. Da ita yake haɗa mana darussa mu kalla a gida.

Wata rana ya ce tunda ni ne shugaban aji, ni zan naɗi darasin mako: yadda ake rubuta sunan mutum a ajiye lambarsa. Na karɓa da murna, har da gyaran hula.

To ga inda gizo ke saƙa. Kafin in iya rubutu, da 'yan hotunan nan na waya nake gane lambobi. Mai shayi kofi, mai faci keke. Amma hotunan sana'a ba su da yawa, dabbobi kuwa ga su nan birjik. (Duk wanda ya taɓa riƙe waya bai iya karatu ba ya san abin da nake nufi. Kada ya yi mini dariya.)

Na zauna a zaure na fara. Naɗin farko zakara ya ɓata shi. Na biyu maiɗakina ta leƙo tana tambayar makullin rumbu. Na uku na rubuta Garba babu wasalin ƙarshe. Na huɗu na yi bayani tiryan-tiryan, ashe ban danna jan maɓallin ba. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaida, amma a na bakwai har zufa ta jiƙa mini riga.

Na bakwan nan yana tafiya sumul sai kira ya shigo. Na ɗauka, muka gama, na ƙarasa darasina. A tunanina manhajar tana da kunya, za ta kau da kai idan mutum yana waya. Caji saura kaɗan, sai na tura wa Malam Nura ban kalla ba. Shi ma, don ya yarda da ni, bai kalla ba.

Ranar Asabar bayan la'asar aka haska shi a bango, mu ashirin da wani abu. A layin gaba ga Alhaji Sule, maƙwabcina a fadama, wanda injin ban-ruwansa nake ara duk rani. Ana tsaka da yaba mini, sai ga ƙaton kan jaki ya cika bango, waya tana ruri. Sai muryata: "Salamu alaikum, Alhaji Sule, ranka ya daɗe!"

Na miƙe da sauri na ce, "Alhaji, ai saboda jakunan ɗiban yashin da ka taɓa riƙewa ne."

Ya fara gyaɗa kai, har na soma samun numfashi. Sai muryata ta sake fitowa daga bango, bayan na ajiye kiran: "Kai, mutumin nan, ko jakin ya fi shi jin magana."

Malam Garba mai kifi ya faɗo daga benci don dariya. Alhaji ya ɗauki littafinsa ya ce, "To Malam Idi, bana jaki ba ya bayar da inji. Ka nemi doki."

Kafin in bi shi, aka tare ƙofa, kowa ya ce sai ya ga nasa hoton a wayata. Dariyar Garba ta tsaya da ya ga kada. Malam Nura ya karɓi wayar yana cewa a yi haƙuri, a bar maganar, sai ya ci karo da aku, ga lambarsa a ƙasa.

"Baba Idi, har ni?"

"Malam, ai don iya bayani ne."

Ya miƙo mini wayata ya juya.

Kwana uku na yi ina mayar da dabbobi mutane, harafi bayan harafi, kuma a nan hannuna ya faɗa da rubutu. Yanzu ko gaisuwa na naɗa sai na kalla sau biyu. Abin da na rasa kuwa: tumatir kwami sittin da na shuka a fadama suka bushe don rashin inji, shugabancin aji, kifin gyara da Garba ke ƙara mini, da sallamar Alhaji ta wata huɗu. Kunamar da ke kan lambar maiɗakina kaɗai na samu na goge kafin labari ya isa gida.