Manhajar Shanu a Shagon Tela

Yau da safe surukata ta faɗo shagona ko sallama babu, ta danna mini waya a hanci. "Karanta! Ni ce lokacin wankan kaskata ya yi?"

Jama'a, ku yi mini alƙalanci. Ni tela ne. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: manhajar da za ta riƙe mini awon mutane da ranar karɓar ɗinki. Maƙwabcina mai gyaran waya ya ce, "Kafin ka zaɓa, ka san abin da za ka adana, ka kuma tambaya ko tana aiki in babu sabis."

Ina cikin wannan lissafi sai Mai Girma Uban Masu Ƙananan Sana'o'i, Allah ya ƙara wa rawaninsa lauje, ya tara mu. Ya nuna manhaja uku a allo, ya ce zaɓi namu ne. Ta farko tana hanya. Ta biyu kwamiti na nazari. Ta uku ta ƙanin matarsa ce, an ƙera ta don wani gidan gona da ya rushe. Wanda bai saka ta ba, ya manta da sabunta lasisi. Muka zaɓa da tafi raf-raf. Kai, 'yanci da daɗi!

Na buɗe ta, babu gurbin wuya, babu na hannu. Tsawon ƙaho ne, da wutsiya, da nauyi. Na ce to, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya: ƙaho ya zama awon hula, wutsiya tsawon riga. Ashe ja'irar tana tura saƙo da kanta ga duk wanda na shigar da awonsa, har da surukata. Liman an tuna masa rigakafi. Matar mai kanti an ce nononta ya ragu, mijin ya zo da gora. Masu kawo mini ɗinki sun fara tsallakawa shagon gaba, kuma wallahi abin yana ci mini rai, da keken nan nake ciyar da gida.

Ina tsaka da ba surukata haƙuri sai ga jiniya. Mai Girma ne da 'yan jarida, ya zo a ɗauki yadda talaka ke morar fasaha. "Auna ni," in ji shi, "ka saka a ciki su gani."

Na zagaya tumbin da tef, sai da na haɗa biyu. Na shigar. Ya ce in karanta da ƙarfi, na ce rufa mini asiri, ranka ya daɗe. Surukata ta karɓe wayar ta karanta wa kyamara: "Wannan ya ci ya wuce kima. A janye masa dusa, a fitar da shi daga garke."

Kafin la'asar aka soke dokar tilasta mana saka ta, an ce manhajar na da matsala. Ni kuwa yau na fara ganin ta yi aiki daidai.