Rasuwar Baƙa, Tafireta Mai Ƙugiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da zan ambata a gaba don kada in ɓoye gaskiya, nake sanar da 'yan kwamitin makarantar unguwarmu, da iyayen ɗalibai, da dukan wanda ya taɓa karɓar wasiƙa daga hannuna, cewa Baƙa, tafiretar da na yi aikin magatakarda da ita shekara talatin da ɗaya, ta daina motsi ranar Talata da hantsi, a kan teburin da ta saba zama, kusa da taga.

Na sani ƙarfe ba shi da rai, ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, kuma ina neman tsarin Allah daga wuce iyaka. Amma wanda bai gode wa abin da ya yi masa hidima ba, da wuya ya iya gode wa Wanda ya hore masa shi. Don haka nake wannan shaida.

Marigayiya ta zo hannuna ba ta jin Hausa. Wani mai gyaran agogo, Allah ya jiƙansa, shi ya cire mata haruffa uku da ba mu da bukatarsu, ya narka dalma, ya dasa mata ƙ da ɗ da ɓ. Tun daga ranar ba ta taɓa mai da ɗaki daki ba, ba ta taɓa rubuta wa ɗan wani “dan” ba. Ba ta neman wuta, ba ta neman caji, ba ta taɓa ce mini in jira tana shiri ba. Maganarta kaɗan ce: ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan ƙilin! in ta kai ƙarshen layi, kamar mai tunatar da mutum cewa kowane layi yana da iyaka. Duk wasiƙar da ta fito daga cikinta, ni ne nake buga mata hatimi, in sa ta a ambulan, in kai ta da ƙafata. A gaisa, a tambayi iyali, a ba ni ruwa, sannan a karanta.

Ciwon ajalinta ya soma ne shekara biyu da suka wuce, ranar da ƙanin matata, wanda kuka sani da Mai Kemis, ya shigo taron kwamiti da kwamfuta a hammata. Ya rubuta bayanin taro muna zaune, ya liƙa takardar a jikin saƙon imel, ya danna abu ɗaya, sai ga wayoyin mutum goma sha biyu suna kuka a aljihu lokaci guda. Shugaban kwamiti, wanda na yi wa wasiƙar neman aikinsa na farko a kan Baƙa, ya tafa hannu har sau uku. Na ƙirga. A shekara talatin da ɗaya ban ga ya tafa wa Baƙa ko sau ɗaya ba.

Ga abin da na ce zan ambata. Na yi kishi. Na karanta babin hassada, na karantar da shi, na san inda yake kai mai shi, amma duk sanda na ji an ce “a ba Mai Kemis ya tura”, sai hassadar ta taso mini. Na riƙa komawa gida ina goge Baƙa da man keke alhali babu abin da za ta buga. Uwar 'ya'yana ta sha yi mini nasiha a kan ƙaninta, ina amsa mata da istigfari, zuciya kuwa tana nan inda take.

Ban ji daɗin abin da ya biyo baya ba, ko kuwa in ce na yi ƙoƙarin kada in ji. Takardun da Mai Kemis yake turawa, a wajensa haruffa lafiya lau, amma in an buɗe su a wata na'ura sai kowace ƙugiya ta koma ɗan akwati. Maimakon ya tambayi na gaba da shi, sai ya yanke shawarar zubar da ƙugiya gaba ɗaya, wai ai kowa zai gane. Haka aka tafi har watan jiya, da aka shirya taron raba kyaututtuka ga ɗalibai. Takardar gayyata ta tafi wa mutum saba'in cikin ƙiftawar ido, a samanta an rubuta da manyan haruffa cewa makaranta tana farin cikin gayyatar “manyan baki”. Baƙi ake nufi. Shugabar makarantar da ke maƙwabtaka da mu, wadda kowa ya san ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta ɗauka da ita ake. Ta ƙi zuwa, ta hana malamanta.

Sai ga shugaban kwamiti a ƙofata da sassafe, hula a hannu, yana roƙon Baƙa ta buga wasiƙar ban-haƙuri, ya kuma ce in ta fita da kyau, aikin magatakarda zai dawo teburina kamar da. Allah ya sani, na sa mata takarda ina cike da murna, kuma ba murnar sulhu ba ce. Ta buga sallama, ta buga gaisuwa, ta yi ƙilin! sau huɗu da muryarta ta ƙuruciya. Muka iso kalmar haƙuri. Na danna ƙ da ƙarfin da bai kamata ba, ƙarfin mai son a ji shi a gidan ƙanin matarsa. Ta ce ƙas. Dalmar ta balle, harafin ya faɗo a kan cinyata, sandunan suka sarƙe, ba su sake komawa mazauninsu ba. Mai gyara ya duba, ya girgiza kai. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Yatsana ne, da abin da ke bayansa.

Wasiƙar ta tafi a yinin, ta imel. Babbar 'yata, wadda ke aikin jinya, ita ta nuna wa kawunta inda ƙugiya take a kwamfutarsa, da yadda ake kulle takarda kafin a tura ta don kada ta sauya a hanya. Ashe tun farko kwamfutar tana da su duka uku. Abu ɗaya da na ɗauka Baƙa ce kaɗai ta iya, shi ma ba a bar mata ba.

Ta rasu ta bar murfinta, da ƙyallen tawada biyu da ba a taɓa ba, da rabin kwalin takardar kabon, da wasiƙa ɗaya da ta tsaya a kan “ha”, da ni.

Za a lulluɓe ta ranar Asabar bayan la'asar, a ɗora ta a saman kabad ɗin littattafai, a gidana. A nan ne kuma zan miƙa wa Mai Kemis hatimin kwamiti da hannuna na dama, a gaban shaidu, ina roƙon ku taya ni addu'a zuciya ta bi hannu. Harafin da ya balle ba za a binne shi da ita ba, yana cikin aljihuna.

Masu ta'aziyya su zo da ƙafarsu. Wannan sanarwa da alƙalami na rubuta ta, Mai Kemis ya buga, ina zaune a gefensa ina duba kowace ƙugiya, kuma shi zai tura muku. In ta iso muku sunan marigayiya ya koma “Baka”, ku shaida ba daga wajena ba ne. In kuwa ta iso daidai, to ku yaba masa, amma kada a gabana, sai bayan Asabar.