Yadda Ake Gyara Shafin Intanet Mai Lafiya Har Ya Kai Ka Gaban Suruki

Kai da aka damƙa wa shafin intanet na ƙungiya, ko na shago, ko na masallacin unguwa, alhali kai da Allah kun san iyakar saninka kunna kwamfuta da kashewa ne, matso kusa. Matakai bakwai ne kacal. In ka bi su yadda na bi su, na yi maka alkawari cikin kwana huɗu babu Bahaushen da ba zai san sunanka ba a Libreville, daga Okala har Ntoum. Ban ce da alheri za a ambace shi ba. Sani na ce.

Sunana Sabitu. Ina da teburin caja da murfin waya a kasuwar Nzeng-Ayong, kuma ni ne mai kula da shafin ƙungiyar 'yan kasuwarmu. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Mohamadou, surukina ne, mahaifin matata Khairat. Riƙe wannan da kyau, za ka buƙace shi a gaba.

Mataki na ɗaya: Karɓi sunan da ba naka ba

Kafin ka lalata komai, sai an yarda da kai tukuna. Ni kwas na sati biyu na yi a Kano, aka ba ni takarda mai zanen ruwan gwal a gefe. Ranar neman aurena, kawuna ya gyara zama ya ce, "Yaron nan injiniyan kwamfuta ne." Na sunkuyar da kai, aka ɗauka kunya ce. To kunyar ce, amma ba irin wadda suka zata ba.

Shekara shida ke nan Alhaji bai kira ni da sunana ba, sai Injiniya. Takardar ma a falonsa take rataye. Da ƙungiya ta sa aka gina mata shafi, a gaban jama'a ya miƙo mini lambar sirri ya ce, "Ga ɗan gida, me za mu nema a waje?" In haka ta same ka, kada ka ce uffan. Sa hannu biyu ka karɓa.

Mataki na biyu: Cika burauzarka da 'yan maƙale

Akwai wasu ƙananan manhajoji da ake liƙa wa burauza, masana na ce musu ekstenshin. Ni 'yan maƙale nake kiran su, don kamar yaran da ke maƙalewa a bayan mota suke: ba su biya ba, ba ka san inda za su ba, amma da kai za a tafi.

Tara su da yawa. Ni goma sha bakwai gare ni. Akwai mai tuna lokacin salla, akwai mai sauke bidiyo, akwai wanda ya mayar da kibiyar linzamina ƙwallo. Sarkinsu kuwa shi ne mai toshe talla, wanda na sa don in kalli wasa ba tare da an katse ni da tallan sabulu ba. Duk wanda ya nemi izinin shiga, kada ka karanta abin da ya rubuta. Danna "na yarda". Karatu na masu shakka ne.

Mataki na uku: In abu ya ƙi, nemi mai laifi a nesa

Ranar Litinin Alhaji ya bugo. "Injiniya, a sa sanarwar babban taron shekara. Lahadi, ƙarfe goma, a gidana na Okala. Mutanen Ntoum su gani da wuri."

Na ce, "An gama, Baba."

Na shiga ɓangaren masu kula da shafi, na rubuta, na danna wallafa. Kwamfuta ta ce an wallafa. Na leƙa fuskar shafin, wayam. Inda akwatin sanarwa yake, fari fat. Na sake sawa, wayam. Sau shida ina sawa.

A nan ake gane ƙwararre. Kada idonka ya kai kan kwamfutarka, ita ba ta laifi. Fara da rezo, wato netwok. In rezo lafiya lau, ɗora wa ruwan sama, Libreville ba ta rasa shi. Daga nan ka wuce kan wanda ya gina shafin, ka ce aikin gaggawa ya yi ya gudu. In duk sun ƙare, akwai masu kutse, akwai kuma hassada, wadda ba a taɓa kama ta ba balle ta kare kanta.

Da Alhaji ya sake bugowa na ce masa sabar ce take ɗan numfashi. Ya ce, "To, Allah ya ba ta lafiya."

Mataki na huɗu: Yi gwaji, kuma ka faɗi abin da ke ranka

Wannan shi ne zuciyar aikin, kada ka yi masa garaje.

Tunda sanarwa ba ta fitowa, sai ka riƙa rubuta ta gwaji don ka ga ko za ta fito. Kuma tunda kai ba ka ganin ta, ai babu mai ganin ta. Haka hankali ya ce.

Na farko na rubuta, "Gwaji, gwaji." Bai fito ba. Na uku na rubuta, "Wanda ya gina shafin nan, ni da shi sai a lahira." Bai fito ba. Sai na ji wani sanyi a raina. Mutum ya sami wurin da zai yi magana ba mai ji, bayan shekara shida yana cewa "haka ne, Baba"? Na gyara kujera.

Gwaji na biyar: "Taron Lahadi awa huɗu ne, uku da rabi jawabin Shugaba. Kowa ya zo da matashin kai."

Gwaji na bakwai: "Ganyen shayin gidan Shugaba guda ɗaya ne. Ana tsomawa, a ciro, a shanya, a ajiye wa taron baɗi."

Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai a bayan tebur, har mai sayen caja ya tambaye ni ko lafiya. Amma zuwa Laraba dariya ta ƙare. Kwana uku ina fama, taro na matsowa, ban san inda zan taɓa ba. Tsoro ya kama ni sosai, tsoron ranar da Alhaji zai gane wanda ya ba 'yarsa. Sai na rubuta gwaji na goma sha uku: "Wallahi ban iya komai ba. Kwas ɗin sati biyu ne. Allah ka rufa mini asiri a wurin surukina." Na danna wallafa. Shi ma bai fito ba, na yi hamdala.

Mataki na biyar: Kada ka kula da alamu, musamman na cikin gida

Za ka ga mutane sun sauya maka. Kada ka bincika, ɗauka girmanka ne ya fara bayyana.

Usman mai nama ya ƙara mini tsoka biyu ban roƙa ba. Amadou mai klando, wato tasin bayan fage, wanda ko uwarsa ya ɗauka sai ta biya kuɗin mota, ya ƙi karɓar nawa. Da zan sauka ya ce, "Injiniya, yau akwai gwaji?" Na ce, "Kullum cikinsa muke." Ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Na ce a raina, bawan Allah, gajiya ce.

Ma'aunin masu ziyartar shafi, wanda bai taɓa wuce mutum tara ba, ya haura dubu. Na ce ga masu kutsen nan, na faɗa.

A gida kuwa Khairat ta daina haɗa ido da ni. Ranar Laraba da la'asar ta ajiye mini abinci ta tsaya, waya a hannu.

"Baban Yasmine, don Allah kalli wayar nan minti ɗaya."

"Aikin manya ba a waya ake duba shi ba."

"Shafin ne fa. Ni ina ganin..."

"Khairat, waya daban, kwamfuta daban. Na taɓa shiga miki kicin na ce ga yadda ake miya?"

Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Injiniya." Ita ba ta taɓa kira na haka ba. Wannan ma ban kula ba.

Mataki na shida: In za ka nemi taimako, ce na wani ne

Akwai gyara na minti biyu. Ka tabbata ba ka kusance shi ba sai rana ta huɗu.

Ranar Alhamis na saɓi kwamfuta na nufi shagon Madam Loveth, 'yar Kafanchan mai fotokopi da buga takardu a layinmu. Hausarta ta fi tawa gudu. Na ce, "Madam, wani abokina ne yake da 'yar matsala."

Ta ce, "Oga Sabitu, abokin nan naka, shi ne mai kwas ɗin sati biyu?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta jawo kwamfutar, ta buɗe abin da ta kira tagar sirri, inda 'yan maƙale ba sa bin mutum, ta shiga shafin. Ga akwatin sanarwa nan cike dam. Sanarwar taro sau shida. Gwaji goma sha uku a jere, kowanne da kwanan wata, kowanne da sunana a ƙasa. Matashin kai yana nan. Ganyen shayi yana nan. Addu'ata ta rufin asiri ce a can sama, da manyan haruffa, ƙarƙashin hoton Alhaji.

Ta koma burauzata tana kashe 'yan maƙale ɗaya bayan ɗaya, tana sabunta shafin. Da ta kashe mai toshe talla, komai ya bayyana.

"Shi ne," in ji ta. "Ya ɗauka akwatin sanarwarku talla ne, ya rufe maka ido. Kai kaɗai. Shafinku bai taɓa ciwon kai ba."

"Tun Litinin kowa yana gani?"

"Har rukuni aka buɗe a waya don gwajinka. Ni ma ina ciki. Mun yi shawara a gaya maka, masu son a jira na gaba suka fi yawa."

Na ce a goge yanzu-yanzu. Ta goge, sannan ta ce an riga an ɗauki hotuna, har wani ya zo ta buga masa na shayin a takarda mai kauri. Magana zarar bunu ce, na sha ji. Ranar na ga bunun da idona.

Mataki na bakwai: Je ka taron

Za ka so ka yi zazzaɓi. Ni ma na gwada, Khairat ta taɓa goshina ta ce lafiyata ƙalau, ta ciro mini kaya.

Ba a taɓa cika irin ta ranar ba. Mutanen Ntoum mota biyu suka yo. Tsakar gidan Alhaji ba masaka tsinke, kuma kusan kowa da matashin kai a hammata, ba kunya ba tsoron Allah. Aka zagayo da shayi, baƙi wuluk, mai kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Na raɓe a bayan ƙofa ina fatan ƙasa ta tsage.

Alhaji ya miƙe, ya yi sallama, ya ce, "Ina surukina?"

Aka buɗa mini hanya. Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe..."

Ya ɗaga hannu. "Maganar shayi, ka yi gaskiya, an gyara. Daga yau kuma kai ne mai kawo ganye." Aka yi dariya. Ya jira ta lafa. "Maganar takarda kuwa. Ni na kai ta aka yi mata firam. Ranar farawa da ranar gamawa duk suna rubuce a jikinta. Shekara arba'in ina kasuwa, kana ganin ban iya ƙirga sati biyu ba?"

Ya dube ni, ya ci gaba:

"Na ga yaro mai kunya, mai riƙe 'yata da mutunci, wanda ba ya son a raina shi. Na ce bari in ara masa babbar riga, wata rana zai cika ta. Shekara shida ina jira ka zo ka ce, Baba, rigar nan ta yi mini yawa. Ashe sai ka gaya wa mutum dubu kafin ni." Ya miƙo mini hannu. "Wannan ne kaɗai ya yi mini ciwo. Tashi, Sabitu. Gobe ka fara zuwa wurin Madam Loveth ka koya da gaske."

Sabitu ya ce. Rabon da in ji sunana a bakinsa tun kafin aure. Na ji kunya kamar in nutse, na kuma ji an sauke mini wani kaya da ban san nauyinsa ya kai haka ba. Hawaye suka zo, na bar su.

Sai ya juya ga jama'a ya gyara babbar rigarsa. "Saura maganar tsawon jawabi. Wannan zan yi bayaninta a taƙaice."

Awa huɗu da kwata ya yi. A duk tsakar gidan, ni kaɗai ne ban zo da matashin kai ba.

Hattara

Wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Ba ruwana, ba ruwan Madam Loveth, ba ruwan mai toshe talla, wanda aikinsa kawai ya yi. Ban kuma ɗauki alkawarin surukinka zai yi irin halin nawa ba, don ba a sayar da irinsa a kasuwa. In shafinka ya ƙi nuna maka abu, buɗe tagar sirri, kashe 'yan maƙale ɗaya-ɗaya, ko mafi sauƙi, karɓi wayar da matarka take miƙo maka. Mai ƙorafi ya same ni a shagon fotokopi, Litinin da Laraba bayan azahar. Ni ne na kujerar gaba, mai littafi da biro.