Barewa Ta Rasu da Shinkafar Walima a But

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar dama wadda har yanzu take laluben totur a ƙarƙashin teburin cin abinci, Malam Husaini Garba na Pleasant Garden yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Greensboro da kewaye rasuwar motarsa Barewa, ja mai ƙofa biyu. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe biyu da kwata na rana, a filin tseren motoci. Ta rasu tana da shekara ashirin da bakwai, ashirin daga ciki a hannunsa.

Marigayiyar ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko a sanyin Janairu. Murɗa mabuɗi ɗaya, sai ka ji gur-gur-gur daga can cikin ƙirjinta, har maƙwabta suka daina saita agogon farkawa. Ita ta yi ta kai shi aikin sito shekara da shekaru. Ta taɓa ɗauko ragon layya daga gona a kujerar baya, ta sha wari mako uku, ba ta ce uffan ba. Kuma a wannan kujerar aka ɗauko 'yarsa Mubina daga asibiti tana kwana biyu a duniya. Tun yarinyar ba ta kai tsayin sitiyari ba uban ya yi mata alkawari, a gaban uwarta Hajiya Bebi, cewa ranar da ta karɓo lasin tuƙi, ranar zai miƙa mata mabuɗin Barewa. Mubina ba ta manta ba. Ita ke wanke motar duk Lahadi.

Lalurar marigayiya ɗaya ce, kuma ta daɗe da ita: ba ta kama ƙasa. Duk Asabar da ya kai ta filin tsere, da fitilar ba da izinin tashi ta koma kore, sai tayoyin baya su yi ta juyi a wuri ɗaya, ƙiiii, hayaƙi ya turnuƙe, kafin ta farga abokin karawarta ya yi nisa. Abokin karawar nan kuwa ba kowa ba ne illa Dachung, mutumin Jos, abokin aikin Malam Husaini. Dachung bai taɓa yi masa dariya ba. Duk Litinin dai sai ya dafa kafaɗarsa ya yi masa sannu, kuma wallahi da wannan sannun gara zagi.

An yi jinya, ba a yi sakaci ba. An sa mata tayoyi masu faɗi da laushi, aka rage musu iska. An canza shokozoba gaba da baya don nauyinta ya koma kan tayoyin baya lokacin tashi. An mayar da batir cikin but. An cire safaya, an cire rediyo, daga ƙarshe har kujerar bayan nan mai tarihi aka kwance aka jingine a garejin gida. Malam Husaini ya rame. Yana cin tuwo yana lissafin iskar taya, yana alwala yana tunanin sufirin. Hamissou, bakanikenta mutumin Maraɗi da ke da gareji a Gate City Boulevard, ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya fito yana girgiza kai. Ya ce wurin da ke riƙe da aksul, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya ci tsatsa, kuma wannan santsin tayar da ake ta yaƙi da shi rahama ne, domin shi ke rage wa tsohuwa wahala. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Faransanci. To, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Aka sa wa Mubina gwajin tuƙi ranar Litinin. Wato Asabar ɗaya tak ta rage wa uban, kuma cewa ya yi sau ɗaya kawai yake so ya riga Dachung tashi, sannan ya miƙa amana hankali kwance. Da safiyar Asabar ɗin yana zagaye garejin gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, sai idonsa ya faɗa kan buhu biyu na shinkafa da Hajiya Bebi ta saya don walimar gama sakandaren Mubina. Nauyi a kan tayoyin baya, abin da ya yi shekara uku yana nema! Ya ɗora su a but, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da darduma don kada masu binciken filin su gani. A nufinsa aro ne, kafin la'asar sun dawo wurinsu.

Sai ga shi maganin ya yi aiki. Fitila ta koma kore, Barewa ta kama ƙasa a karon farko a rayuwarta. Hancinta ya ɗaga sama, ta zabura, Dachung yana baya. Malam Husaini ya shaida cewa bai taɓa jin daɗi irin na wannan daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba. Daga nan sai ƙas! Sai gwaram. Aksul ya ɓalle ya yago gindinta, ta karkace ta goga bango, but ya buɗe, shinkafar walima ta watsu a kan kwalta. Kalmarta ta ƙarshe tss-tss-tss ce, tana hucewa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi dai ya fito ko ƙwarzane babu, alhamdu lillahi. An rufe filin minti arba'in ana shara, kuma Dachung, Allah ya saka masa, yana cikin masu tsintsiya. Wannan karon bai ce sannu ba. Hamissou ya duba gawar, ya cire hula, ya tabbatar babu sauran dabara. Ma'aikatan filin sun ba Malam Husaini 'yar takardar da ke nuna cewa a ƙafa sittin na farko shi ne a gaba. Tana aljihunsa. Yakan ciro ta ya duba, ya mayar, ya sake cirowa, kuma har yau bai sami fuskar nuna wa kowa a gidan ba.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, biyu sababbi fil, da kujerar baya wadda ta zama marainiya, da tabon baƙin mai a ƙofar gareji. Ta bar Hajiya Bebi, wadda tun Asabar ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar wa mijin hankali. Ta kuma bar Mubina, wadda ta ci gwajinta ranar Litinin da motar uwarta, ta dawo da takardar lasin a hannu ta tsaya a kan tabon man nan. Uban ya fito da mabuɗin ya miƙa mata, domin alkawari kaya ne. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya da Turanci a hankali, ta shige ɗaki. Ya so a ce ihu ta yi masa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe. Janwe zai ɗauki gawar daga garejin Hamissou zuwa makwancinta wurin 'yan gwangwan. Zaman makoki a gida ne bayan azahar, shayi kawai za a sha, kada kowa ya sa rai da shinkafa. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya a kan Allah ya mayar da alheri, kada a turo hoton wata motar sayarwa, don wayar mai makokin tana hannun Hajiya. Mubina ce za ta tuƙa iyalin a bayan janwe. Malam Husaini zai zauna a gefenta, hannuwa a kan gwiwa, kuma ya ɗauki alkawarin ba zai ce komai ba a kan yadda take tashi idan fitila ta koma kore. Mabuɗin ba za a binne shi da marigayiya ba, yana wurin mai shi.